Maganar 'Yan Masaƙa

Sharaɗa, Kano
Maris, 2009

Zuwa ga aminina Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Ladidi da yara. Yaya ƙafar Inna Hajjo?

Ina nan a ɗakinmu na da, ni kaɗai. Tun da aka rufe masaƙa kuka watse, dako nake yi a wani sito a Bompai. Manaja ya ce in na kawo takardar shaidar kula da kaya kafin shekara ta ƙare, zai mai da ni mai kula da siton. In babu, ka san gadon bayan nan nawa ba zai kai baɗi yana ɗaukar buhu ba.

Shi ya sa na shiga karatun nesa, wanda ake yi ta intanet a kafe, wato shagon kwamfuta. Sai dai rabin darussan murya ce kawai, babu rubutu, babu fuskar malami balle in karanci bakinsa. Kunnena kuwa ka san yadda injin saƙa ya yi da shi. Na je ofishin makarantar na roƙi a ba ni darussan a rubuce. Wata mata ta rubuta mini cewa dokar nakasassu tana majalisa har yanzu, don haka ba dolensu ba ne, amma za su duba. Har yau suna kan dubawa.

Ga roƙona. Ka tuna yadda muke magana cikin ƙarar injuna, baki a buɗe, hannu na taimakawa, ba a buƙatar murya? Ka zo ka sa abin sauraro a kunnenka, abin da malam ya faɗa ka maimaita mini da bakin nan naka mai faɗi. Babu bakin da nake karantawa kamar naka. Daga Ringim zuwa Kano ba Makka ba ce, kada ka kawo mini zancen gona.

Naka har kullum,
Tijjani

Sharaɗa, Kano
Yuli, 2009

Aminina Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa gida lafiya, ka sami iyali lafiya, damina kuma tana kyau. Ka yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba, na rasa ta inda zan fara ne.

Sakamako ya fito, ban ci ba. Manaja ya ba wani kujerar. Ya dafa kafaɗata ya faɗi wata magana, amma ya juya baya kafin ya gama, ban san me ya ce ba.

Kada ka ɗora wa kanka laifi. Ranar a kafe, da ka sa abin a kunne, na ga ka murɗa ƙara har ƙarshe, ka danne shi da tafin hannu, kana gyaɗa kai. Shu'aibu, haka nake yi kullum don kada na kusa da ni su gane. Nan take na san inji bai bar ka ba kai ma. Ka ji kunyar faɗa mini, sai ka shiga ƙirƙiro darasi daga kanka, yadda ake jera buhu da yadda ake maganin ɓera. Ni kuma na ji kunyar tsayar da kai, na yi ta rubutawa har lokacinmu ya ƙare. Wallahi malamin ƙarya irinka ban taɓa gani ba.

Na koma ofishin, sun ce in sake rajista baɗi, wataƙila kafin nan an sa wa dokar hannu. Ban sani ba ko bayana zai jira.

Amma ba don wannan na rubuto ba. A sito ana hira ana dariya, ni sai dai in yi murmushi in ci gaba da aiki. Kewa tana damuna ƙwarai. In an gama girbi ka sake zuwa, ba sai mun je kafe ba. Tun da aka rufe masaƙa, ranar ce kaɗai wani ya yi mini magana na gane komai.

Ka gaishe da Inna.

Naka,
Tijjani