Binnen Yero

Kamarawa, ta Isa

Zuwa ga ɗiyata Sadiƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da sanyin ƙasar Turawa. Innarki Tasalla na gaishe ki.

Bayanin aikinki da kinka yi mani da Sallah, na kai shi kasuwar Bafarawa. Na ce masu babban tauraro in ya tsufa cikinshi ƙarfe yake zama, wasu ƙananan abubuwa, ilektaron, su ke tallafe da shi kamar duwatsun gindin rumbu. Sai cibiyoyin ƙwayoyin zarra su dinga haɗiye su, har ya rufta ya fashe. Na ce ke kuwa saurin haɗiyar kike lissafawa a kwamfuta.

Kin san shekara da shekaru ba mai shuka gero nan sai na ga taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, ta sake fitowa da asuba na ba da izini. To, kawunki Yero ya ce tunda taurari ma mutuwa suke, shi ba ya jingina cikin iyalinshi da abin da ka iya fashewa. Ya yi binne, ya shuka geronshi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Rabin gari sun bi shi. Za ni jira tauraro.

Mahaifinki,
Kalilu

Zuwa ga Sadiƙa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya idon naki da kallon na'ura?

Amsarki ta iso, cewa Kaza ba yanzu za ta fashe ba, yarinya ce ma cikin taurari. Na karanta a ƙofar masallaci. Sunka ce madalla, sunka wuce gona, don ruwa ya riga Kaza sauka, bai kuma tsaya ba. Geron Yero ya kai gwiwa. Nawa yanzu ya huda ƙasa.

Masu zuwa zaurena tambayar lokaci sun ragu. Ba faɗa, ba gaba, kullum dai sai in ga tabarma ta ƙara faɗi. Jiya innarki ma na ji ta tana tambayar Yero ranar shuka wake, ta katanga.

Kin ce wahalar aikinku ita ce sanin saurin haɗiyar, don shi ke nuna yadda ruftawar za ta kasance. In kwamfutarki ta samu sarari, ki saka mata zaurena, ta lissafa saurin da Yero ke haɗiye mutanena.

Innarki ta ce ki riƙa cin abinci.

Mahaifinki,
Kalilu