Rigar 'Yar Firit

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwar taki, ya aikin asibiti, ya 'Yar Firit ɗina? Allah Ya sa kowa lafiya.

Yaya, kada ki yi fushi, hutun nan ma ba zan samu zuwa ba. Na san abin da za ki ce, na riga na faɗa wa kaina.

Kin sha tambayata wane irin bincike ne wannan da ba ya ƙarewa. To bari ki ji. Ɗakinmu a jami'a ko taga babu, sai kwalabe jere cike da garin alkama, ƙwaron gari yana hayayyafa a ciki. Wanda kike zubar da gari saboda shi, shi nake lallashi. A jikin tsutsarsa akwai wani sinadari, homon ake ce masa, aikinsa ya riƙa gaya wa jiki, "Dakata, da sauranki, ke yarinya ce." Muddin jiki yana jin wannan, tsutsa sai ta yi ta saɓa tana nan a tsutsarta. Amma homon ba ya aiki sai da abin da zai karɓe shi a cikin ƙwayoyin jiki, mu ce kunnensa. Shi ne yake bin ƙwayoyin gado, ya buɗe wannan ya rufe wancan. Ni aikina in toshe kunnen nan da wata allura siririya kamar gashi, in ga abin da zai faru.

Inda wahalar take, sai tsutsa ta saɓa, tana fara fat, nake so in yi mata allurar. Su kuwa ba su san Asabar ba balle hutu. Wancan watan injin da ke ɗumama su ya lalace, rabi suka mutu, na koma farko. Wallahi na gaji tiɓis. In na ɗago daga madubin ƙara girma da nake duba su da shi, bango har rawa yake min.

Ga riga nan cikin ƙunshi, shuɗiya mai aljihu, irin wadda 'Yar Firit take so. In na buga waya, "lafiya lau" kawai nake samu daga bakinta. Don Allah ki lallaba min ita.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta, uwar tsutsa,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, sai abin da ya ƙaru. Saƙo ya iso, an gode.

Ashe duk karatun nan tankaɗe kika tafi yi? Da kin faɗa tun farko, ai akwai rariya a gida.

Ban yi fushi ba, ina na ga ƙarfin fushi? In na taso daga aiki ƙafa a kumbure, matattakalar gidan nan sai na huta a tsakiya kafin in kai ƙofa. Amma akwai maganar da ba ta waya ba ce, shi ya sa na zauna rubutu.

'Yarki ta girma. Ran nan na ɗaga katifarta zan shanya, sai ga zanin gado a dunƙule a ƙasa, ta wanke shi a ɓoye tabon jini bai fita ba. Ashe tun watan jiya ta fara al'ada, ba ta gaya wa kowa ba. Wata 'yar ajinsu ce ta koya mata yadda ake yi. A gidana fa, ni da nake nas! Na ce, "Haba 'yar nan, don me?" Ta ce, "Inna, na ga kin gaji, Mama kuma tana da aiki." Banɗaki na shiga na saki famfo na yi kukana.

Tun rasuwar babanta da tafiyarki yarinyar nan take ta sauyawa a gabana. Ba rigima, ba roƙo, ta ma daina tambayar yaushe za ki zo. Kafin in dawo ta share gida, ta dafa min ruwan gashin gwiwa. Maƙwabta sai yaba hankalinta suke, ni kuwa tsoro yake ba ni. Allah Ya sani na riƙe ta tsakani da Allah, amma ni ba ke ba ce.

Ki gaida tsutsotsin.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya saka miki da alheri. Wasiƙarki ta same ni.

A makon ne aikin ya yi. Tsutsotsin da na toshe wa kunne ba su jira lokacinsu ba. Tun suna ƙanana suka daina cin abinci, suka sanƙame, suka fara rikiɗa zuwa manya, jiki bai kai ba. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa da ya leƙa madubi har tafawa ya yi. Ni kuwa ina tsaye, takardarki na cikin aljihuna, na kasa ko murmushi. Ba sai na gaya miki wa na tuna ba.

Na ce masa zan je gida. Bai hana ni ba, ya dai cire tabarau ya ce sau ɗaya ba hujja ba ce, sai an maimaita kafin a yarda. In na tafi yanzu babu mai kula da kwalaben, zuriyar ta mutu, shekarun nan duk sun tafi a banza. Kuma ai don 'Yar Firit na fara, Yaya, don in samu abin yi in dawo kusa da ku. Yanzu na rasa wanne ne don ita, zaman ko tahowar. Jakata tana bakin ƙofa, na haɗa na kwance, na sake haɗawa.

Ki gaya mata ba laifi ta yi ba. Ki gaya mata ina kewarta har cikin ƙashina. Ki gaya min abin da zan yi, ni kaina ya ɗau zafi.

Ba ki ce komai a kan rigar ba. Ta yi mata?

Taki,
Auta

*

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, ya aiki? Inna ta ce ta gaji da kai saƙo da kawowa, in amsa miki da kaina.

Rigar tana da kyau, na gode. Na gwada, a kafaɗa ta tsaya. Ni na roƙi Inna kada ta gaya miki, don kada ki ji babu daɗi. Na ninke ta na ajiye.

Inna ta ba ni wasiƙunki na karanta, na gane zancen tsutsar. Kada ki bari su mutu saboda ni. Na iya jira.

Ta ce in auna jikina in aiko miki ki sayo wata. Ban auna ba. In kin zo kya gani.

Kuma Mama, na kamo Inna a tsawo, yanzu babu mai ce min 'Yar Firit sai ke. Don Allah kada ki daina.

'Yarki