Kiran da Ban Amsa Ba a Ƙofar Ɗakin Tiyata

Zuwa ga Shugaban Sashen Mata Masu Ciki na babban asibitin da anka yi wa yarinyata aiki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, tare da likitoci da malaman jinya da ke ƙarƙashinka. Ni mai karantar da mata allo ce a Kebbe. Ban saba rubuta wa manya ba, kuma ina tsoron ɗaukar haƙƙin wani, don haka abin da na gani da idona kaɗai zan faɗi, har da nawa laifin.

Ɗiyata ta fari tana aure a Tambuwal, tana da cikin tagwaye. Likitocinku sunka ce mabiyiya ɗaya gare su, ɗaya na shanye jinin ɗan'uwansa. Sunka yi aiki yaran na ciki, sunka raba jijiyoyin, duka biyun sunka rayu. Har gobe ina sa waɗannan hannuwa cikin addu'a. Kukana a kan abin da ya biyo baya ne.

Na ɗaya. Da anka fito da ita, malamar jinya ta tsaya bakin ƙofa da takarda ta ce, ina mahaifiyarta? Sau uku ta kira. Ina zaune kan benci, tsakanina da ita bai kai taku fuɗu ba, na sunkuyar da kai. A wurinmu uwa ba ta amsa ɗan fari a gaban mutane, ba ta kama sunansa. Gwaggonta Asabe, wadda ita ke amsawa, ta tafi alwala. Mijin ya tafi karɓo magani. Malamar ta duba dama da hagu, ta koma ciki ta faɗa saƙon likita ga yarinyar da allurar barci ba ta sake ta ba, ta cusa takardar cikin jakar kaya. Shirun nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma malamar ba ta sake tambaya ba har anka sallame mu.

Wannan ya tuna mini da Inna Tumba, ungozomar unguwarmu, Allah Ya jiƙanta. Ni ce ta fari a gidanmu. Lokacin da nike da ciki na zo goyon ciki, Inna Tumba kan shafa hannu da man shanu ta lalubi cikina, sannan ta fita tsakar gida ta juya wa mahaifiyata baya, ta ɗaga murya wai da kaji take: to ku kaji, ku ji, yarinyar ga kada a bari ta ɗauki tulu, in ƙafa ta kumbura a aiko mini. Mahaifiyata na tankaɗe kamar ba ta ji ba, amma ko kalma ba ta faɗi ƙasa. Inna Tumba ba ta da na'ura, kuma ba zan ɓoye ba, akwai tagwayen da sunka mutu a hannunta waɗanda ku da kun cece su. Sai dai ta san wa ke ji ko da bai amsa ba. Ina kewar wannan sanin.

Na biyu. Takardar da Turanci take, ranar dawowa da anka rubuta ciki kuma da lissafin makonni, mu da wata muke ƙirga ciki. Da wata na bakwai ya kama, yarinyar ta taho Kebbe goyon ciki kamar yadda muka gada. Wurin awo ma'aikaciyar asibitin garinmu ta zazzage jakar, ta karanta, ta dafe ƙirji. Ashe rana ce kunka sa don a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaran a babbar na'urar nan da ake tura mutum ciki, a ga ko ƙarancin jinin ya taɓa ƙaramin. Ranar ta wuce da kwana tara.

Na uku. Munka ɗauke ta bisa hanyar Kebbe, wadda ko mai lafiya sai ya ji a jikinsa, har zuwa wurinku. Mai tsaron littafin rajista ya ce an rubuta ba mu zo ba, layi ya cika, mu dawo bayan haihuwa. Bai yi mana tsawa ba, kada in ƙara masa. Amma ma'aikaciyar Kebbe ta fahimtar da ni cewa hoton ne zai nuna inda ya kamata ta haihu da abin da za a tanadar wa ƙaramin. In ba a ɗauka ba, za ta yi naƙuda a ɗakina ba mu san me muke jira ba. Babban yana harbi har ta yi dariya. Ƙaramin motsinsa a hankali, takan ɗora hannuna a wurin mu yi tsit muna saurare.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sake ba ta rana tun kafin cikin ya tsufa. Sannan irin wagga takarda a faɗe ta da baki, da Hausa, ga mutum biyu, bayan mai jinya ta farka. In kuma malama ta kira uwa ba a amsa ba, ta dubi benci. Wadda ta fi kowa sunkuyar da kai, tana jan carbi, malamar ta tsaya kusa da ita ta faɗi saƙon ko da bango take kallo.

Shekara ashirin da biyu ban kama sunan yarinyar nan ba. Amma ba za ku gano takardunta ba sai da suna, ga shi kuma zan faɗa a gaban duniya. Sunanta Saratu. Ni na haife ta. In kunka kira, zan amsa tun kira na farko.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa albarka a aikinka, Ya raya naka ’ya’yan.

Wassalam.

Malama Rabi, mahaifiyar Saratu,
Kebbe.