Kogi Kika Ce, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza, a makwancinki da ke Yawuri.

Assalamu alaikum. Gaisuwar ɗa ga uwarsa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Mamman ne, autanki, daga Manchester. Kin san ban yi boko ba, 'yata takwararki ce ke rubutawa. Na ce kada ta gyara mini magana, likitancinta ya tsaya a asibiti.

Inna, na shiga jirgin ruwa. Gara ki ji daga bakina.

Kin tuna ranar da aka tsamo Yaya Sani daga kogin Kwara, damina ɗaya bayan ruwan ya ci Yaya Bala? A bakin gaɓa kika kama kunnena kika ce, "Ban yafe ba in ka hau kogi." Ko kaciya ba a yi mini ba lokacin. Ɗan masunta, jikan masunta, na ƙare a sayar da kifin da wasu suka kamo. Sa'o'ina suka sa mini Kazar Tudu, har na yi furfura akwai masu kira. Na riƙe ki a zuciya, ba zan ɓoye ba, kuma har yanzu da ɗan saura.

Ciwon gwiwa ya sa takwararki ta kawo ni unguwar Levenshulme a nan Manchester. Da akwai wani ɗaki da mu tsofaffi ke haɗuwa shan shayi, ba mai jin yaren wani, amma ana dariya. Aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka sa masa kwaɗo. Ƙasar da ke da fitila a kowane lungu, wai shayin tsofaffi ne ya gagare ta. Na koma gadin taga. Shi ne takwararki da ƙanenta Bashir na Birmingham suka haɗa baki, suka kwashe ni da jikoki sai bakin teku a Wales.

Da hantsi suka sa ni tafiya a wata siririyar hanya a saman dutse, ruwa can ƙasa yana ta hauka. Sun sayo mini takalmi kamar na soja, na ƙi. Babbar rigata na sa, iska ta cika ta har sai da Bashir ya riƙe ni ta baya kamar akuyar kasuwa. Tumaki ko'ina, ba makiyayi, ba ɓarawo. Ga wasu tsuntsaye gajeru, baki kamar sun tsoma a manja.

Can sai wani baƙin kai mai gashin baki ya ɓullo daga ruwa yana kallona. Na ƙwala ihu, ayu, wallahi ayu! Bashir ya ce wai ba ayu ba ne, wata dabbar ƙasar sanyi ce, har da faɗin sunanta da Turanci. Yaron da bai taɓa ganin ayu ba. Ni ma ban taɓa gani ba, amma ai ni kika ba labarinsa. Ayu ne.

Bayan azahar muka gangara inda jirgin yake. Wani farin ƙyalle ne dogo aka ɗaura masa, iska ke tura shi. Kowa ya shiga, ni na toge. Ban taɓa gaya musu maganarki ba, sai suka ɗauka tsoro ne. Matuƙiyar, wata Baturiya mai furfura irin tawa, tana tsaye tana jira.

Na tsuguna, na tsoma yatsa, na kai baki. Gishiri, Inna, kamar an zazzage buhu. Na sake ɗanɗanawa. Kogi kika ce. Kogi ana shan sa, ana hango ƙetarensa. Wannan ba ya shawuwa, ƙetare kuma babu. Ba ki ce teku ba. Na san da kin san da shi da kin haɗa, amma dai ba ki haɗa ba.

Takwararki ta miƙo hannu, na yi bisimilla.

Iska ta bugi ƙyallen, jirgi ya karkata. Ina cikin salati sai jikata Amina ta leƙa ta gefe tana neman taɓa ruwa. Ban san lokacin da na damƙe wuyan rigarta ba, har ta yi ƙara. Bakina ya buɗe zai ce ban yafe ba. Da ƙyar na haɗiye. Ban saki rigarta ba har muka juyo, ni da ko ɗa ɗaya ruwa bai ci mini ba. Ke biyu ya ci miki.

Na gode, Inna. Da ba ki kama kunnen nan ba, wataƙila ni ne na uku, kuma da babu mai riƙe da alƙalamin nan.

Kwara yana nan yadda kika raba ni da shi, in na koma gida ko ƙafa ba zan tsoma ba. In kuma teku na cikin abin da kike nufi, to ki yafe mini sau biyu, don na ji daɗinsa, kuma na ce su mai da ni baɗi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya jiƙan Sani da Bala, Ya shayar da ku daga Alkausara, Ya sada ni da ke kina mai yarda da ni.

Autanki,
Mamman