Matsefatar Asabe

Kano,
3 ga Mayu, 1976.

Zuwa ga Alhaji Gwadabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Luba da yara. Yaya aikin ma'aikata?

Shekara goma sha bakwai ke nan ban rubuta maka ba, kuma ka san dalili. A 1959 gurbi ɗaya aka ba mu na koyon aikin fatar ido. Ni na zo na ɗaya, sunanka aka aika. Ka koyo, ka dawo ka hau kujera, har yau ban ji ka gyara idon mutum ɗaya ba. Ni kuwa na tsufa a ɗakin shan magani na ƙauye ina wanke gyambo. Wasiƙunka uku da ka ce in kawo matata Asabe a yi mata aiki duk sun iso. Ban amsa ba ne kawai.

Ciwon nata a gabana ya girma. Kowace safiya nakan juya fatar idonta a kan tsinken ashana in duba. Da fari ƙuraje ne ƙanana kamar tsabar gero. Suka mutu suka bar tabo, farin layi kamar zare. Tabon ya yi ta jan fatar har ta naɗe ciki, gashin ido ya koma yana gogar ƙwayar. Sai na riƙa cire mata gashin da matsefata duk Juma'a kafin in tafi masallaci. Ita ke rataye da matsefatar a wuya, takan ce ita ce sarƙar da malamin asibiti ya iya saya wa matarsa. Duk da haka ganin ya yi ta dusashewa.

A tsohon gidanmu ba ta bukatar ido, hannunta ya san mazaunin komai. Da ruwan madatsar Tiga ya tashe mu zuwa wajen Bebeji, ni na jera kayan sabon ɗaki, jeri irin na asibiti. Na zuba kananzir a kwalbar magani, irin ta maganin tarinta sak, na manna takarda na rubuta sunansa da kyakkyawan rubutuna. Shekaranjiya da hantsi ta kurɓa, ta ƙware, ya sauka a huhu.

Daga Kwanar Dangora muka samu mota zuwa asibitin Kano. Likita ya ce huhun ya kumbura ya tara ruwa, sai an sa ta a injin numfashi. Injin ɗaya ne, kuma masu jira da yawa. Ban zo neman a cire kowa ba. Ka zo ka yi magana a sa ta a layi. Yau ina roƙonka.

Naka,
Bature Inusa.

Kano,
8 ga Mayu, 1976.

Zuwa ga Alhaji Gwadabe,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya Hajiya ta ji da gajiyar abinci? Allah ya saka mata.

Ka zo, ka tsaya a bakin gado, ba ka ambaci wasiƙun nan uku ba. Da ka ambata da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu ke nan injin yana yi mata numfashi. An zura roba ta maƙogwaro, wani abu kamar zugazugin maƙera yana hawa yana sauka, ƙirjinta yana binsa. Likita ya ce injin ba magani ba ne, riƙe mutum yake yi har huhu ya warke da kansa, in zai warke. Kullum ana ƙara masa ƙarfi, ni ma na iya karanta allurar ma'auninsa.

Jiya Juma'a na nemi izini na cire mata gashin ido, don hawaye na ta bin kuncinta. Likitan, sa'an ɗana Adamu, ya juya fatar ya duba, ya yaba tsabtar hannuna. Ya ce aikin minti ashirin ne, da an yi shi shekara biyar da suka wuce da ta ga rubutun kwalba. Bai san ba ta iya boko ba. Amma da ta ga launin abin da ke ciki.

Ka gaida gida.

Naka,
Bature.

Bebeji,
14 ga Mayu, 1976.

Gwadabe,

Ina gaisuwa. Ina fatan kun wuni lafiya.

Mudi direbanka ya ce kana Kaduna taro, shi ya sa ba ka ji ba. Har yanzu ina ganin gurbin nan nawa ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Sai dai ba kai ka hana ta aikin ba.

Yau Juma'a. Na wanke hannu da sabulu kamar kullum, na ɗauko matsefata, sannan na tuna.

Asabe ta rasu ran Talata bayan la'asar, tana kan injin. Mun kai ta ran Laraba. Shekararmu talatin da huɗu tare.

Naka,
Bature.