Tsagar Bangon Ɗakin Inna

Daren Talata, ƙarshen damina

Yau dai hankalina ya kwanta. Tun da bangon ɗakin Inna ya tsage, har ƙofar ta daina rufuwa, ban yi barcin kirki ba. Ita kuwa ta rantse ba inda za ta, a ɗakin nan ta haife mu duka.

Bayan la'asar Malam Habu magini ya zo duba simintin da ya shafa a kan tsagar mako uku da suka wuce, don in shi ma ya tsage a san bangon na ci gaba da motsi. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa.

"Malama, bangon bai ƙara motsi ba," ya ce. "Gidanku a gangare yake, ƙasar kuma laka ce, in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke. Tunda mun karkatar da ruwan indararo daga gindin bangon, ba sai an rushe ba."

Alhamdu lillahi! Saura kaɗan in yi kuka.

Inna ta leƙo ta ce, "To, a mayar min da gadona jikin bango, na gaji da kwana a tsakiyar ɗaki kamar baƙuwa."

Ni da ita muka tura shi, muna ta dariya.