Ku ba Iliya gangar

Yaya Ishaya,

Gaisuwa daga Tamanrasat cikin sunan Yesu. Ina Inna da ƙafarta? Ina aikin albasa?

Ni lafiya, sai dai injin bulo ya taɓa hannuna na dama. Yatsu biyu ne kawai, kada Inna ta ji.

Gangar majami'a da kuke ajiye mini, ku ba Iliya. Tun ina gida idonsa ke kanta, amma gaskiya yana da hannu.

Nan ba kamar gida Nijar ba ne, babu wanda zan ce wa barka da Lahadi. Na yi fushi da Ubangiji har na bar addu'a, shi kuwa bai bar tashe ni da safe ba. Yanzu nakan kife jarkar ruwa in buga da hagu, in yi masa waƙa ni kaɗai. Kiɗan ba daɗi, amma yana karɓa.

Ƙanenka,
Barnaba